Kimiyya a Madafi: Jiƙa Nama Cikin Lemun Tsami da Ganyen Ƙamshi

GABATARWA

Duk matafiyin da ya bi hanyar Aliero zuwa Jega, ya gangara Maiyama a watannin rani, hancinsa zai gaya masa ƙasar da ya shigo tun kafin idonsa ya ga buhuna. Wannan yanki na Jihar Kebbi ya shahara da noman albasa, har sunan Aliero ya zama abin kwatance a kasuwannin Nijeriya da na maƙwabta. Saboda haka uwargida a gari irin Jandutsi, cikin Ƙaramar Hukumar Jega, ba ta buƙatar komai daga ƙasar waje kafin ta haɗa ruwan jiƙa nama. Albasa da lawashi suna kusa, lemun tsami da citta da tafarnuwa suna kasuwa, man gyaɗa da gishiri suna ɗaki, ɗoɗɗoya kuwa sau da yawa a bayan gida take tsirowa.

Abin da ake nufi da jiƙa nama shi ne a cuɗanya ɗanyen nama ko kifi da wani haɗi mai tsami da gishiri da mai da kayan ƙamshi, a bar shi ya tsumu na ɗan lokaci kafin a kai shi wuta. Akwai zato iri biyu da suka yaɗu game da wannan aiki. Na farko shi ne, iya daɗewar nama cikin haɗin iya laushinsa. Na biyu shi ne, tunda tsami yana da kaifi, to yana kashe duk ƙwayar cutar da ke jikin nama, har a iya barinsa a ɗaki tun safe zuwa dare. Zato na farko asarar nama kawai yake jawowa. Na biyu kuwa yana iya kwantar da mutanen gida gaba ɗaya. Wannan darasi zai yi bayanin aikin kowane kayan haɗi, da yadda ake haɗawa, da kuma iyakar da tsami ba ya iya ƙetarewa.

ABIN DA NAMA YA ƘUNSA

Tsokar nama marar kitse ta ƙunshi ruwa kimanin kashi 75 cikin 100, da furotin kimanin kashi 20, ragowar kuwa kitse ne da gishirai iri-iri. Furotin ɗin kashi biyu ne suka fi muhimmanci ga mai girki. Akwai na zaren tsoka, watau siraran zaruruwan da ake gani idan an yagi dafaffen nama. Akwai kuma kolajin, wanda shi ne farin tantani da jijiyar da ke ɗaure zaruruwan nan dami-dami.

Taurin nama yawanci daga kolajin yake. Dabbar da ta tsufa, ko ta sha tafiya wajen kiwo, kolajinta ya fi ƙarfi. Shi ya sa naman tsohon sa ko na zakaran gida ya fi na ɗan tunkiya wuyar tauna, naman ƙafa da na wuya kuma suka fi na gadon baya tauri. Abin da ke narkar da kolajin sosai shi ne doguwar dahuwa cikin ruwa, inda yake rikiɗewa ya zama jelatin, wanda ke sa romon ƙafar saniya ya yi danƙo idan ya huce. Yana da kyau mai karatu ya riƙe wannan tun yanzu, domin babu wani haɗi da zai yi wa tsohon nama abin da tukunya take yi masa.

AIKIN TSAMI

Masana kimiyya suna auna ƙarfin tsami da wani ma'auni mai suna pH, wanda wani masanin ƙasar Denmak, Sorensen, ya ƙirƙiro a 1909. Ma'aunin yana tashi daga 0 zuwa 14. Ruwa tsantsa yana kan 7. Abin da ya gaza 7 mai tsami ne, watau asid. Abin da ya haura 7 kuwa kishiyar tsami ne, kamar kanwa da ruwan toka. Kowane mataki ɗaya ninki goma ne, watau abin da ke kan 2 ya ninka wanda ke kan 3 sau goma wajen kaifin tsami, ya ninka wanda ke kan 4 sau ɗari.

Ruwan lemun tsami yana tsakanin 2 da 3. Na lemun zaƙi yana wajen 3 da rabi zuwa 4, nono kuwa wajen 4 ko sama kaɗan. Tsokar dabba mai rai tana kusa da 7, amma bayan yanka takan sauko zuwa wajen 5 da rabi. Sinadarin da ke ba lemo tsaminsa ana kiransa asid na sitirik, kuma ya kai kimanin kashi 5 cikin 100 na ruwan lemun tsami. Wani masanin haɗa magunguna na ƙasar Suwidin, Carl Scheele, shi ya fara ware shi a 1784.

Kowace ƙwayar furotin tamkar dogon zare ce da aka naɗe ta a kan wata siffa ta musamman. Idan tsami ya same ta, naɗin yakan warware, zaruruwan su sarƙe da juna ta wata sabuwar hanya. Masu sana'ar awara sun san wannan sarai: da zarar an zuba ruwan tsami cikin tafasasshiyar madarar waken suya, sai ta tsinke, furotin ya dunƙule ya rabu da ruwa. Haka yake faruwa a fuskar nama. Jan launinsa yakan koma fari-fari ko toka-toka, tantanin kolajin da ke waje ya ɗan kumbura ya yi rauni, sai naman ya fi sauƙin tauna bayan gashi.

Amma abu biyu sun taƙaita wannan aiki. Na farko, tsami a hankali yake ratsa nama, kuma furotin ɗin naman yana rage masa kaifi yayin da yake shiga. Bayan sa'o'i da yawa, 'yan milimitoci kawai zai ci daga waje. Na biyu, idan aka wuce lokaci, fuskar naman takan lalace, ta yi tuɓus ko ta yi gari-gari a baki, ta kuma zubar da ruwanta a kan wuta, alhali cikin yana nan da taurinsa. Kifi ya fi saurin lalacewa saboda kolajinsa kaɗan ne. Hausawa sun ce kowane allazi da nasa amanu. Amanun tsami shi ne lokaci.

Tsami yana da wani amfani ga kifi. Ƙarnin taɓo da ake ji a jikin tarwaɗa da wasu kifayen gulbi da na tafki yana zuwa ne daga wani sinadari mai suna jiyosmin, wanda ƙananan halittun ruwa ke samarwa. Wannan sinadari yana rushewa cikin tsami. Ashe matan da ke wanke tarwaɗa da lemun tsami don cire yauƙi da ƙarni suna kan hujja ta kimiyya.

GISHIRI DA MAI

Cikin kayan haɗin duka, gishiri ne kaɗai ke ratsa nama da nisa. Ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, suna narkewa cikin ruwan naman, su riƙa matsawa daga inda suka yi yawa zuwa inda suka yi ƙaranci. Da farko gishiri yakan jawo ruwa waje, shi ya sa nama ke yin gumi idan an barbaɗa masa. Daga baya sai ruwan gishirin ya koma ciki, ya sassauta wani furotin na zaren tsoka mai suna mayosin, naman ya ƙara iya riƙe ruwa. Sakamakon haka shi ne gasasshen nama mai ɗanɗano har ciki, wanda bai ƙeƙashe ba. Gwargwadon da ya dace shi ne gishiri giram 10 zuwa 12 ga kowane kilo na nama, watau kimanin ƙaramin cokali biyu a shafe. Idan za a sa dunƙulen ɗanɗano, sai a rage gishirin, domin shi ma yawancinsa gishiri ne.

Mai ba ya shiga cikin nama, tunda nama ruwa ne mafi yawansa, ruwa da mai kuwa ba sa gauraya. Aikinsa a waje yake. Mafi yawan sinadaran ƙamshi sun fi narkewa cikin mai a kan cikin ruwa. Daga cikinsu akwai limonin da ke cikin ɓawon lemo, da yujinol da ke cikin kanumfari da wasu nau'o'in ɗoɗɗoya, da mentol na na'ana'a, da kafsaisin mai ba barkono zafinsa. Man gyaɗa yana kwaso waɗannan sinadarai, ya shimfiɗa su a fuskar nama, ya riƙe su kada zafin wuta ya kore su da wuri. Daga nan ɗalibi zai gane dalilin da ya sa ruwa ba ya kashe raɗaɗin barkono a baki, amma nono ko madara suna kashewa.

Wannan ya kuma bayyana hikimar mahauta. Mai tsire da mai kilishi suna feɗe nama ya zama falle-falle kafin su shafa masa yaji ko su tsoma shi cikin labu. Tunda ƙamshi a waje yake tsayawa, hanyar ƙara shi ita ce a ƙara faɗin wajen. Ƙaton gunduwa ko ya kwana cikin haɗi, cikinsa ba zai ji komai ba sai gishiri.

ALBASA, TAFARNUWA DA GANYE

Albasar da ba a yanka ba ba ta da wari mai ƙarfi. A cikin kowane ɗan ɗakin halittarta akwai sinadarai masu farar wuta a gefe guda, da wani inzayim a wani gefen. Inzayim furotin ne mai hanzarta canjin sinadarai. Idan wuƙa ta fasa ɗakunan, sai su haɗu, nan take a sami ƙamshin albasa da kuma iskar da ke sa hawaye. A 2002 ne masu bincike a ƙasar Jafan suka gano inzayim na musamman da ke haifar da wannan iska. Gwargwadon yadda aka farfasa albasa, gwargwadon ƙarfinta. Saboda haka gurzajjiya ko jajjagaggiya ta fi yankakkiya amfani wajen jiƙa nama.

Haka abin yake ga tafarnuwa. Idan an daka ta, inzayim ɗinta yakan samar da alisin, sinadarin da masu bincike a Amurka suka ware a 1944, wanda shi ne mai kaifin ƙamshinta. To amma tsami mai ƙarfi yana tsayar da wannan inzayim. Wanda ya daka tafarnuwa cikin ruwan lemun tsami kai tsaye zai sami ƙamshi mai rauni. Dabara ita ce a daka ta, a bar ta kamar minti 10, sannan a zuba tsami.

Ɗoɗɗoya da na'ana'a suna ajiye man ƙamshinsu cikin wasu 'yan ƙananan ƙuraje a fatar ganye. Murzawa ko dakawa kaɗan ya isa ya fasa su. Tsami yana dusar da koren ganye ya koma ruwan ƙasa, zafi kuma yana korar ƙamshinsa. Don haka ya kyautu a raba ganyen biyu, rabi cikin haɗi, rabi a yayyanka a barbaɗa bayan an sauke nama.

Wasu tsirrai suna da inzayim mai yanka furotin kansa. Gwanda tana da fafen a ganyenta da cikin ƙaron ɗanyen 'ya'yanta, abarba tana da buromelin, ɗanyar citta kuma tana da zinjiben. Waɗannan sun fi tsami iya karya tauri, shi ya sa naɗe nama cikin ganyen gwanda tsohuwar dabara ce a ƙasashe masu zafi da dama. Sai dai su ma a waje suke aiki, kuma abarba tana iya mayar da fuskar nama kamar kunu cikin 'yan sa'o'i. Citta ta fi su sauƙin sarrafawa.

Wannan haɗi na albasa da lemun tsami ba baƙo ba ne a Afirka ta Yamma. Abincin nan na ƙasar Senegal mai suna yasa, wanda ake dangantawa da yankin Kasamas, kaza ce ko kifi da ake jiƙawa cikin ruwan lemo da albasa mai yawa, a gasa, sannan a dafa albasar da ruwan haɗin su zama miya. Dafa ruwan haɗin nan yana da muhimmanci, kamar yadda za a gani nan gaba.

YADDA AKE HAƊAWA

Ga kilo ɗaya na naman rago, ko na akuya, ko kaza, ana buƙatar:

1. Ruwan lemun tsami, babban cokali 4.
2. Ruwan lemun zaƙi guda 1, don sassauta kaifin tsami.
3. Man gyaɗa, babban cokali 4.
4. Albasa babba 1, a gurza.
5. Tafarnuwa ƙwaya 5, da ɗanyar citta kamar girman babban yatsa.
6. Ganyen ɗoɗɗoya cikin tafin hannu, da na'ana'a ko lawashi rabin haka.
7. Attarugu 1, masoro kaɗan, kanumfari ƙwaya 3.
8. Gishiri ƙaramin cokali 2.

A wanke hannu da sabulu, a wanke lemo da ganye da ruwa mai tsabta. A kankare koren ɓawon lemun tsami guda ɗaya sama-sama, ban da farin da ke ƙasa saboda ɗacinsa. A daka tafarnuwa da citta da attarugu da masoro da kanumfari, a bar su minti 10. A narkar da gishiri cikin ruwan lemo, domin ba ya narkewa cikin mai. Sannan a zuba albasa da dakakken kayan da ɓawon lemo da rabin ganyen, a kawo mai a ƙarshe, a kaɗa sosai. Kafin haɗin ya taɓa nama, a ɗebi cokali biyu ko uku a ajiye gefe cikin kwano mai tsabta, don shafawa a kan gasasshen nama. A yanka naman kada kaurinsa ya wuce na ɗan yatsa, kaza kuwa a tsattsaga ta, a cuɗanya, a rufe.

Idan akwai firiji mai aiki, kifi ya ɗauki minti 15 zuwa 30, kaza sa'a 1 zuwa 3, naman rago ko na sa sa'a 2 zuwa 6. Idan babu, ko wutar lantarki ba ta da tabbas, a ƙara feɗe naman, a jiƙa shi rabin sa'a a wuri mai inuwa, a kai shi wuta. Kafin gashi a tsane ruwan da ke jikinsa. Jan launi da ƙamshin gasasshen nama suna fitowa ne daga haɗuwar furotin da sukari cikin zafi mai yawa, abin da Bafaranshe Louis Maillard ya bayyana a 1912, kuma laima da tsami duk suna rage masa sauri.

Mazubi ma abin lura ne. A yi amfani da tangaram, ko gilashi, ko roba mai murfi, ko langar da fentinta bai ɓare ba. Tsami yana cin tukunyar sanholo. Wani bincike da aka buga a 2014 a kan tukwanen da maƙera ke zubawa daga tsoffin ƙarafa a Kamaru ya nuna cewa ruwa mai tsami yana fitar da dalma daga jikinsu, ita kuwa dalma guba ce, musamman ga ƙwaƙwalwar yara. Kada kuma a sa kanwa cikin haɗin da niyyar ƙara laushi, domin ita da tsami kashe juna suke yi. Wanda ya matse lemun tsami ya wanke hannunsa kafin ya shiga rana, saboda wasu sinadaran lemon suna iya ƙona fata, su bar tabo, idan hasken rana ya same su.

ABIN DA TSAMI BA YA IYAWA

Naman da ya sha tsami yana yin kama da dafaffe, kuma a nan haɗarin yake. Gaskiya ne tsami yana cutar da wasu ƙwayoyin cuta. Binciken da aka yi a Gini Bisau lokacin annobar kwalara ta shekarun 1990 ya nuna cewa matsa lemun tsami cikin miya yana rage kamuwa da cutar, domin ƙwayar kwalara ba ta jure tsami. Amma cikin miya tsami yana gauraya da ko'ina, a nama kuwa a waje yake tsayawa. A ƙasar Feru akwai sanannen abinci na ɗanyen kifi da ake jiƙawa cikin lemun tsami har ya yi fari. Da kwalara ta ɓarke a can a 1991, ta kama mutum fiye da 300,000 cikin shekarar, hukumomin lafiya sun gargaɗi jama'a su guji cin ɗanyen kifi, har da wanda aka jiƙa.

Bugu da ƙari, wasu ƙwayoyin suna jure tsami. Salmonela, wadda ake yawan samu a jikin kaji, da wasu nau'o'in ikolai da ke zaune cikin hanjin shanu, suna iya rayuwa sa'o'i cikin haɗi irin wannan. Ƙwayayen tsila da ke ɓoye cikin tsokar saniya ma tsami ba ya kai musu. Akwai kuma wata ƙwaya mai suna sitafilokokas, da ake samu a hanci da fatar mutane da dama. Idan ta hayayyafa cikin abinci takan bar dafi wanda ko dahuwa ba ta rusa shi. Watau naman da ya yini a ɗaki mai zafi yana iya sa amai ko da an gasa shi sosai daga baya.

Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da digiri 60 na ma'aunin Salshiyas. Idan yanayi ya yi musu daɗi, wasunsu suna rabuwa biyu kowane minti 20. Ga lissafin ƙwaya ɗaya tak:

Bayan sa'a 1: 8
Bayan sa'a 2: 64
Bayan sa'a 4: 4,096
Bayan sa'a 6: 262,144
Bayan sa'a 7: 2,097,152

Tsamin haɗi zai rage wannan sauri a inda ya taɓa, amma ruwan da nama ke fitarwa yana salanta haɗin a hankali, kuma loko-lokon naman da tsami bai shiga ba suna nan. Shi ya sa ƙa'idar masana tsabtar abinci ita ce kada nama ya wuce sa'a 2 a wajen firiji, idan zafi ya haura digiri 32 kuwa kada ya wuce sa'a 1. A ƙasar Jega da kewaye, zafin rana yakan kai digiri 40 ko fiye a watannin Maris zuwa Mayu. Babbar Salla, lokacin da nama ya fi yawa a gidaje, tana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara. A 2024 ta faɗo ranar 16 ga Yuni, a 2025 kuwa ranar 6 ga Yuni. A shekarun da ke biye tana ƙara kutsawa cikin tsakiyar bazara.

Randar sanyi mai tukunya cikin tukunya, wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jihar Jigawa a shekarun 1990 har ta kai shi ga samun lambar yabo ta Rolex a 2000, tana da amfani wajen adana tumatir da ganye. Amma sanyinta ba ya sauka zuwa digiri 5, don haka ba ma'ajiyar ɗanyen nama ba ce.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa gurɓataccen abinci yana kwantar da mutum miliyan 600 a duniya kowace shekara, 420,000 daga ciki su rasu. Kason Afirka shi ne fiye da miliyan 91 na masu ciwo da kimanin 137,000 na masu rasuwa, kuma ƙananan yara ne abin ya fi shafa. Shawarar hukumar ita ce a dafa nama har zafin cikinsa ya kai digiri 70. Inda babu ma'auni, a tsaga wuri mafi kauri, a tabbata ruwan da ke fita garau yake, babu ja. Ragowar haɗin da ɗanyen nama ya zauna a ciki a zubar da shi, ko a tafasa shi sosai kamar yadda masu yasa suke yi. Kada a mayar da gasasshen nama cikin kwanon da ɗanye ya fito.

Akwai wata fa'ida ta lafiya da jiƙa nama yake da ita. A 1977 masanin Jafan Takashi Sugimura da abokan aikinsa sun gano cewa ƙonannen gefen nama da kifi yana ɗauke da sinadaran da ke iya lalata ƙwayoyin halitta. Wani bincike da aka buga a Jamus a 2007 ya nuna cewa haɗin mai da tafarnuwa da albasa da ruwan lemo yana rage samuwar waɗannan sinadarai. Duk da haka gashi a kan garwashi, tare da yawan juyawa, ya fi gashi cikin harshen wuta.

GWAJE-GWAJE DON AJI

Malami zai iya gudanar da waɗannan da kayan da ke kasuwar ƙauye. Duk abin da aka yi gwaji da shi a zubar, kada a ci.

Gwaji na 1: A jiƙa zoɓo a tace, a raba ruwan cikin kofi uku. A matsa lemun tsami a na farko, a zuba ruwan kanwa a na biyu, a bar na uku. Na farko zai ƙara ja, na biyu zai yi duhu ya karkata zuwa kore. Sannan a ɗiga lemun tsami a kan garin kanwa, a lura da kumfar da ke tashi.

Gwaji na 2: A zuba madara cikin kofi biyu, a matsa lemun tsami a ɗaya. Ɗalibai su kwatanta abin da suka gani da yadda ake yin awara.

Gwaji na 3: A yanka ƙirjin kaza gida uku daidai wa daida. A tsoma su cikin ruwan lemun tsami da aka rina da zoɓo mai kauri. A cire na farko bayan minti 15, na biyu bayan sa'a 1, na uku bayan sa'a 3. A raba kowanne biyu, a auna zurfin da launi ya shiga da rula, a taɓa fuskarsa a rubuta yadda ta canza, a zana jadawali.

KAMMALAWA

Kowane kayan haɗi da aikinsa. Tsami yana gyara fuskar nama, gishiri yana shiga ciki, mai yana ɗaukar ƙamshi, albasa da tafarnuwa da ganye suna ba da shi. Babu ɗaya daga cikinsu da ke maye gurbin sanyin firiji ko zafin wuta. Gidan da ba shi da firiji bai yi asarar komai ba idan ya feɗe nama, ya jiƙa shi rabin sa'a, ya gasa shi har ciki. Ɗalibin da ya fahimci wannan yana da abin da zai kai gida kafin layya mai zuwa. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

TAMBAYOYI

1. Ruwan da ke kan pH 2 ya ninka wanda ke kan pH 5 sau nawa wajen kaifin tsami?
2. Me ya sa ake narkar da gishiri cikin ruwan lemo kafin a zuba mai?
3. Idan ƙwayar cuta 100 ce a jikin nama da ƙarfe 9 na safe, kuma suna rabuwa biyu kowane minti 20, nawa za su zama da ƙarfe 12 na rana?
4. Kawo dalilai biyu da suka sa naman da ya yi fari cikin tsami ba dafaffe ba ne.
5. Kilishi yana daɗewa bai lalace ba, jiƙaƙƙen nama kuwa ba ya yini. Mene ne bambancinsu?